Rajistar kantin alawar hemf a biranen Minesota: tana tsare ƙofa, ba ta buɗe fakiti

Duk kantin da ke son sayar da alawar danƙo ko lemon gwangwani mai sinadarin THC, wato sinadarin wiwi mai sa maye, a jihar Minesota ta Amurka sai ya mallaki takardu biyu: lasisin jiha, da rajistar birni ko gundumar da yake zaune. Ta biyun ce muka ɗora a sikeli, domin ita ce hidimar da mai kanti yake cin karo da ita ido da ido, kuma ita ce mai saye yake gani ya ɗauka cewa hukuma ta tantance kayan. Hukuncinmu tun daga farko: rajistar tana da araha, sharuɗɗanta a fili suke, kuma tana da kyau wajen hana sayar wa yara. Amma abin da ke cikin fakiti ba huruminta ba ne, kuma a nan ne yawancin ɓarnar take.

Sai an san yadda aka zo nan kafin a gane dalilin wannan gibi. Hemf da tabar wiwi tsiro ɗaya ne. Abin da ya raba su layi ne da dokar noma ta tarayya ta Disamba 2018 ta ja: idan sinadarin delta-9 THC, wanda shi ne mai bugarwa, bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari na busasshen nauyi ba, sunansa hemf, kuma ya fita daga jerin haramtattun ƙwayoyi. Masu dokar ganye da zare da mai suke tunani. Masu masana'anta kuwa sai suka ɗauki alƙalami. Alawa guda mai nauyin giram 4 miligiram 4,000 ce, kashi 0.3 nata miligiram 12 ke nan, adadin da zai kwantar da wanda bai saba ba. Ke nan alawar ta cika sharaɗin tarayya, kuma tana bugarwa sarai.

Minesota ta zaɓi ta sa wa abin linzami maimakon ta yi kamar ba ta gani ba. Daga 1 ga Yuli 2022 ta halatta sayar da na ci da na sha ga wanda ya kai shekara 21, da iyakar miligiram 5 na THC a kowane kason ci ɗaya, miligiram 50 a fakiti. Sai dai dokar ta fito ba lasisi, ba haraji na musamman, kuma aka jibga sa ido a kan hukumar kula da harhaɗa magunguna ta jihar, wadda ba a gina ta don zagaya gidajen mai da kantunan taba ba. Birane suka farka suka ga alawa a kan kanta kusa da cingam. Wasu suka dakatar da cinikin na shekara guda, wasu suka ƙirƙiro lasisinsu da kuɗin da suka ga dama, wasu suka naɗe hannu. Jihar tana da gundumomi 87 da birane fiye da 850, don haka ana iya tsallaka titi ɗaya a tarar doka ta sauya. Wannan ruɗanin ne babbar dokar wiwi da Gwamna Tim Walz ya sa wa hannu a ranar 30 ga Mayu 2023 ta zo gyarawa. Ta kafa ofishin kula da harkar wiwi, OCM, wanda ya karɓi sa ido kan kayan hemf a Yuli 2024, ta kuma zayyana abin da birni zai iya da wanda ba zai iya ba.

Ga yadda hidimar take a aikace. Lasisi na jiha ne: dala 250 kuɗin nema, dala 250 kuɗin lasisin, ga kowane reshe. Da shi a hannu ake zuwa wurin akawun birni. Doka ta ce kuɗin rajistar farko kada ya wuce dala 500 ko rabin kuɗin lasisin jiha, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Ga mai sayar da alawa da lemon hemf, rabin 250 ke nan, dala 125. Birni ba shi da izinin karɓar kuɗin fom, kuma wannan biyan na farko ya haɗa da sabuntawar shekara ta farko. Sai a sabuntawa ta biyu ake sake sa hannu a aljihu. Wanda aka nemi ya biya fiye da haka yana da hujjar tambayar akawu a kan wane sashe aka dogara. Sharuɗɗan bayar da takardar huɗu ne kacal: ingantaccen lasisin jiha, biyan kuɗin, tsallake binciken farko idan birnin ya zaɓi ya yi, da kuma rashin bashin harajin gini a wurin da kantin yake. Idan sun cika, birni bai da ikon cewa a'a don kawai 'yan majalisarsa ba sa son sana'ar. A nan tsarin ya cancanci yabo, don ya toshe ƙofar son rai da ta kasance a buɗe a 2022.

Abu biyu ke ɓata wa masu nema lokaci, kuma duka ba su da alaƙa da wiwi. Na farko, zuwa ofishin da ba shi ba. Ƙaramin gari yana iya miƙa aikin rajistarsa ga gunduma, sannan sunan garin da ke kan adireshin gidan waya ba lallai ya zama shi ke da iko da filin ba. Takardar harajin ginin ce take faɗin gaskiyar wanda ke da wurin. Na biyu, bashin harajin gini. Ɗan haya ya tambayi mai ginin tun kafin ya cike komai, domin kuɗin rajista ba a mayar da shi.

Akwai kuma ƙa'idoji biyu da mutane ke yawan jingina wa kantin hemf alhali ba nasa ba ne. Ikon da aka ba birni na taƙaita kantuna zuwa ɗaya ga kowane mutum 12,500 ya shafi masu sayar da tabar wiwi ce ta ainihi. Haka ma tazarar ƙafa 1,000 daga makaranta da ƙafa 500 daga gidan renon yara, nassin ya ambaci kasuwancin wiwi ne, kuma doka ta ware kasuwancin hemf a wani aji dabam. Abin da ya rage wa birni a kan mai alawar hemf shi ne dokokinsa na tsara gari da suka hau kan kowane ɗan kasuwa. Shi ya sa za a ga lemon THC a gidan mai da ke kallon makarantar sakandare, kuma babu wanda ya karya doka. Iyaye da yawa ba sa jin daɗin wannan, kuma muna ganin suna da gaskiya.

Inda hidimar ta fi nuna ƙarfinta shi ne binciken shekaru. Dole birni ya kai wa kowane kanti ziyarar ba-zata aƙalla sau ɗaya a shekara. Ana tura matashi ɗan shekara 17 zuwa 20, da rubutaccen izinin iyaye idan bai kai 18 ba, ƙarƙashin idon ɗan sanda ko ma'aikacin birni, ya je ya yi ƙoƙarin saye. Ba wata dabara a ciki. A yadda aka saba, katinsa na gaskiya yake miƙawa. Duk da haka ana faɗuwa, kuma hanyoyin faɗuwar sanannu ne. Mai karɓar kuɗi ya karɓi kati, ya kalli hoto, ya mayar, bai lissafa shekarar haihuwa ba. Ko kuma layi ya yi tsawo, sai ya buga ranar haihuwarsa shi kansa a na'ura don ta bar shi ya wuce. Mafi sauƙin kaucewa kuma mafi yawan cin mutane shi ne lemon gwangwani: an shigar da shi cikin na'urar ciniki a sahun lemon yau da kullum, don haka ba ta neman shekaru idan an haska shi, gwangwanin kuma kamarsa ɗaya da ruwan soda. Maganin wannan aikin minti goma ne, a sauya ajin kayan a na'ura zuwa na 'yan shekara 21 kamar taba. Akwai ma alama ta kyauta: katin tuƙin Minesota na wanda bai kai 21 ba a tsaye ake buga shi, na manya a kwance. Ma'aikacin da aka nuna wa wannan a ranarsa ta farko ya rage rabin haɗarin.

Doka ta kuma tsara yadda ake jera kaya. Alawa da sauran na ci dole su zauna bayan kanta inda mai saye ba ya kaiwa, ko cikin akwati mai makulli. Na sha ne kaɗai aka yarda ya zauna a firji. Babu sayarwa ta injin jefa kuɗi, babu sayar wa wanda ake gani a buge yake, kuma mai wannan lasisin ba ya taɓa ganyen wiwi. Idan birni ya ga an saɓa wa dokokinsa, ko kantin yana barazana ga lafiyar jama'a, yana iya dakatar da rajista har kwana 30 ya sanar da OCM, wanda shi ke da ikon tsawaitawa ko soke lasisi. Wanda ya ci gaba da ciniki ba rajista, tarar tana iya kaiwa dala 2,000 a kan kowane laifi.

To, daga nan ne takardar birni take ƙarewa. Jami'in da ya shigo bai zo da ɗakin gwaje-gwaje a jaka ba. Yana iya karanta lambar da aka buga a fakiti, amma ba ya iya sanin ko gaskiya ce. Gwaji da kama gurɓatattun kaya aikin jiha ne, kantunan kuma dubbai ne. Misalin da kowa a sana'ar ya sani shi ne na Disamba 2022, lokacin da hukumar magunguna ta kai ƙarar wani kamfani a garin Murhed kan alawa mai miligiram 100 a ƙwaya ɗaya, 2,500 a fakiti, ninki hamsin na iyakar doka, aka kuma hana taɓa kaya na kimanin dala miliyan 7. Wannan ma mai sauƙi ne, don lambar tana rubuce ɓaro-ɓaro. Mai wuyar shi ne fakitin da ya rubuta 5 amma cikinsa 8 ne, ko wanda ƙwaya ɗaya take da 2 wata take da 9 saboda ba a gauraya kwaɓin da kyau ba, ko an fesa sinadarin a bayan alawar maimakon a dama shi a ciki.

Saboda haka mai kanti shi ne mai binciken ƙarshe, ko ya so ko ya ƙi, kuma makaminsa takardar sakamakon gwaji ce da ke biye da kowane zubi. Karanta ta ba ya buƙatar digiri. A fara da lambar zubi: wadda ke kan fakiti ta zama ita ce a takardar, harafi da harafi. Dillalai marasa gaskiya sukan manna lambar QR, wadda ake haskawa da waya, da ke kaiwa ga sakamakon wani tsohon zubi mai kyau, ko ga shafin farko na kamfani kawai. Sannan a duba sunan ɗakin gwajin, ya zama mai zaman kansa, mai shaidar ƙwarewa ta ISO 17025, kuma abin da aka gwada ya zama alawar ce da kanta, ba man da aka yi ta da shi ba. Wannan na ƙarshen yana wuce mutane da yawa. Gwajin mai yana nuna abin da ya shiga tukunya ne, ba abin da ya fito ba.

Lissafin ƙarfi kuwa ninki ne kawai. Idan takardar ta ce miligiram 1.25 a kowane giram, alawar kuma giram 4 ce, ƙwaya tana da 5, goma suna da 50, ta zauna daidai. Idan ta ce 1.6, ƙwaya 6.4 ce, fakiti 64, ya haura, ko da me aka buga a gaba. Sikelin kicin mai auna giram ya isa a tabbatar da nauyin ƙwayar. Idan akwai layin THCA, kada a tsallake shi: zafi yana mayar da shi THC, kuma ana ninka shi da 0.877 a tara a kan delta-9 don samun jimla. A gwangwani iyakar miligiram 10 ce. Duk inda aka ga sarrafaffun 'yan uwan THC irin su THC-O, THC-P ko HHC, a mayar wa dillali kayansa, don an haramta su tun 2023. Delta-8 ma, wani nau'in THC, abin a yi masa kallon tsanaki ne, domin galibi daga CBD, sinadarin hemf marar sa maye, ake juyo shi da asid da ruwan narkarwa, kuma aikin da ba a tace da kyau ba yana barin saura. Shi ya sa shafi na biyu na takardar ya fi na farko muhimmanci: ragowar ruwan narkarwa, maganin ƙwari, ƙwayoyin cuta da fumfuna, da ƙarafa huɗu, wato dalma, asenik, kadmiyom da makuri. Hemf tsiro ne mai zuƙar ƙarfe daga ƙasa. Takardar da ta nuna ƙarfi kaɗai, ba waɗannan, rabin takarda ce.

Lemon gwangwani yana da tasa matsalar ta daban, kuma akasin ta alawa ce. THC mai ne, ba ya narkewa a ruwa, sai an farfasa shi ƙanana an rataye shi a ciki. Da daɗewa, musamman a ɗakin ajiya mai zafi, wani sashe yana manne wa rufin robar da ke cikin gwangwanin, ƙarfi ya ragu. Ba laifin doka ba ne, amma mai sayen da ya saba da tsohon kaya mai rauni yakan sha biyu, ran da sabo ya zo kuma ya sha biyun. A riƙa fitar da na farkon shigowa tukuna, a kuma duba kwanan wata.

Fakiti shi ne wurin da idon birni da na jiha suka haɗu, kuma ko ma'aikaci sabo zai iya tantancewa. Dole ya zama mai wuyar buɗewa ga yaro, wanda ba a ganin cikinsa. Ba siffar mutum ko dabba ko 'ya'yan itace da za ta ja hankalin yara, ba zanen katun, ba kwaikwayon fakitin sanannen alawa ko biskit. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: wani nazari da mujallar likitocin yara ta Pediatrics ta buga a farkon 2023 ya nuna rahotannin yara 'yan ƙasa da shekara shida da suka ci irin waɗannan kaya a Amurka sun tashi daga 207 a 2017 zuwa 3,054 a 2021. Su manya kuma, kuskurensu gaggawa ce. Abin da aka ci yana ɗaukar rabin awa zuwa awa biyu kafin ya kama, hanta kuma tana juya shi zuwa wani sinadarin da ya fi ƙarfi. Wanda ya ƙara ƙwaya bayan minti ashirin don bai ji komai ba, duka biyun za su iske shi tare.

Me ya sa birane ba sa yin fiye da ziyarar dole? Kuɗi. Dala 125 da za ta rufe shekara biyu ba ta biyan lokacin akawu da ɗan sanda da matashin da aka tura. Da farko an rarrashe su da kaso: harajin kashi 10 cikin ɗari da aka fara karɓa a Yuli 2023, kashi ɗaya bisa biyar nasa na birane da gundumomi ne. A 2025 majalisar jiha ta ɗaga harajin zuwa kashi 15 ta kuma janye wannan kason. Yanzu fakitin dala 20 yana ɗauke da dala 3 na harajin wiwi, ga harajin ciniki na kashi 6.875 da na yanki a kai, amma wanda ke aikin ƙafa an bar shi da ladan gaɓe. Babban birni mai sashen lasisi, irin Miniyafolis ko Sent Fol, zai iya haɗa binciken da na taba da giya ya rage asara. Garin da akawunsa mutum ɗaya ne, ziyara guda a shekara ita ce iyakarsa. Takarda iri ɗaya ce a bango, amma nauyinta ya danganta da inda aka buga hatimin.

Ga 'yan uwa da ke aiki ko zaune a can, akwai abubuwan da rajistar ba ta karewa ko kaɗan. Gwajin fitsari ba ya bambanta THC na hemf da na wiwi. Direban babbar mota da ke ƙarƙashin dokar sufuri ta tarayya zai faɗi gwajin, kuma rasit ɗin kanti mai rajista ba hujja ba ce. Wanda ba ɗan ƙasa ba ya tuna cewa shige da fice a hannun tarayya yake, ya nemi lauya kafin ya sa sunansa a kasuwancin da ya haɗa da ganyen wiwi. Sa alawar a jaka zuwa gida kuwa ganganci ne: a Najeriya wiwi haramun ne a doka, kuma jami'in NDLEA a filin jirgi ba ruwansa da kashi 0.3. Batun addini a bayyane yake, abu ne mai sa maye, kalmar hemf ba ta sauya hakan. Ban da haka ma, alawar danƙo da dama da jelatin na alade ake yin su, sai wadda aka rubuta fektin. Mai kantin da ke sayar da man CBD na shafawa kaɗai yana wani matsayi dabam, amma ya duba takardar gwaji, don mai da aka ce cikakke ne yakan ɗauki ɗan THC.

Wanda ke tunanin shiga yanzu ya san cewa ƙasan da aka gina duk wannan a kai ta motsa. Dokar kasafin da aka sa wa hannu a Washinton ranar 12 ga Nuwamba 2025 ta sake fassara hemf: za a riƙa ƙirga jimlar THC har da THCA, kuma kayan da aka gama sarrafawa kada ya wuce miligiram 0.4 a mazubi ɗaya, da wa'adin shekara guda kafin ta fara aiki. Gwangwani mai miligiram 5 ya ninka wannan fiye da sau goma sha biyu; fakitin 50 ya ninka shi sau 125. Dokar Minesota tana nan, rajistar birni ma haka, amma kayan da ya fita daga ma'anar hemf a tarayya yana rasa damar tsallaka iyakar jiha, kuma banki da kamfanin katin biya suna iya ja da baya. Dala 125 ba asara ba ce da za ta karya kowa. Wanda zai karye shi ne wanda ya cika ɗakin ajiya da kayan wata shida a kan bashi, ko ya sa hannu a hayar shekara biyar yana dogaro da firjin lemon nan. A sayi kaɗan-kaɗan, a nemi dillali ya rubuta cewa zai karɓi abin da ya rage idan doka ta juya, kuma kowane kwali da ya shigo a buga takardar gwajinsa a ajiye a fayil bayan kanta, lambar zubi a sama.